Kuɗin Riɗi Da Akwatin Kwamfuta: Darasi Daga Gaya Da Ajingi

A ƙarshen kakar bara, bayan an kaɗe riɗi an kai kasuwa, ɗan ƙanwata da ke zaune a wani ƙauye na yankin Ajingi ya iso gidana a Gaya da hantsi, riƙe da takardar da ya yago daga littafin makaranta. Bayan mun gaisa ya miƙo mini ita da hannu biyu, ya ce, "Kawu, ka duba mini wannan kafin in shiga birni." Jerin kayan kwamfuta ne ya rubuto, ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ya ji wani Ba'amurke yana lissafa su a YouTube. Burinsa ya harhaɗa kwamfutar wasan gem da hannunsa, kuma kuɗin da zai yi amfani da su ba na banza ba ne: rabonsa ne na riɗin da ya noma tare da mahaifinsa, haɗe da kuɗin wani rago da ya shekara yana kiwo.

Ban yi masa dariya ba, ban kuma yi masa wa'azin ɓata lokaci ba, ko da yake na san da yawa daga cikin tsararrakina da hakan za su fara. Mu mutanen Gaya ba mu da bakin raina mai son haɗa ƙarfe da ƙarfe. Tarihin baka ya nuna cewa maƙeran farko da suka zauna a gindin Dala daga Gaya suka tashi suna neman tama, kuma har yau ana kiran zuriyarsu Abagayawa. Yaron da ya fi son ya buɗe cikin na'ura ya ga yadda take a kan ya saye ta a rufe, gado ya yi. Abin da ya dame ni shi ne takardar kanta. Akwai katin hoto mai suna RX 580, akwai akwati mai gilashi a gefe, akwai fankoki shida masu fitilu kala-kala, amma babu ko layi ɗaya da ya ambaci inda wutar da za ta ɗauki wannan kaya za ta fito.

Wanda ya tsara wancan jeri yana zaune ne a inda wuta ba ta ƙiftawa, ɗakinsa da na'urar sanyaya iska, kuma idan kaya ya lalace zai mayar wa kamfani a canja masa. Babu ɗaya daga cikin ukun nan da ya shafi mutumin Ajingi. Saboda haka ra'ayina, wanda zan kare a nan, shi ne duk mai son haɗa irin wannan kwamfuta a yankinmu ya juya lissafin: ya fara daga soket ɗin bango, ya ƙare a katin hoto.

Mu ɗauki wutar. Hukumar da ke kula da harkar lantarki ta ƙasa ta kasa masu amfani da wuta rukuni-rukuni, daga rukunin A da aka yi wa alkawarin aƙalla awa 20 a rana, zuwa rukunin E mai awa 4. A watan Afrilun 2024 aka ɗaga farashin rukunin A zuwa naira 225 kan kowane yunit, aka yi ta ce-ce-ku-ce a birane. Mutanen karkara ba su shiga wannan gardama ba, domin su tambayarsu ba nawa ake sayar da wuta ba ce, yaushe za a kawo ta ce. Kowa kuma yana tune da watan Oktoban 2024, lokacin da mafi yawan jihohin Arewa suka kwashe kwanaki a cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta. Don haka a zahiri kwamfutar da za ta zauna a Gaya ko Ajingi a kan sola da batir za ta rayu, ko kuma a kan janareto, wanda tun cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ya zama abin da ake kunnawa ana duban agogo.

Ga lissafin da na yi wa yaron a bayan takardarsa. Batir mai bolt 12 da amfiya 200, irin wanda ake yawan haɗawa da sola a gidaje, yana ɗauke da wat 2,400 na awa guda a rubuce. Amma batirin ruwa ba a zuƙe shi fiye da rabi in ana son ya yi ƙarko, saura 1,200 ke nan. Inbata ma tana cin nata kason wajen juya wutar, don haka abin da zai isa ga kwamfuta bai wuce 1,000 ba. To, shi RX 580 kaɗai an ƙera shi ne ya ja wat 185. Idan aka haɗa da firosesa da madabod da monita, ana maganar wat 300 zuwa 350 a lokacin wasa. Awa uku ke nan batir ya durƙusa, kuma wannan batirin ne mahaifiyarsa ke jira ya juya mata fanka da dare a watan Afrilu. Da na kai nan sai ya yi shiru, domin ya san ba da ni zai yi wannan shari'a ba, da ita zai yi.

Akwai wata hanya. Kamfanin AMD ya fitar da firosesa mai suna Ryzen 5 5600G a 2021, mai ƙwaƙwalwa shida, wadda aka gina mata sashen sarrafa hoto a cikinta, ta yadda ba ta buƙatar katin hoto daban. An ƙayyade ta a wat 65. Kwamfutar da aka gina a kanta, har da monita, tana tsayawa a wajen wat 120 zuwa 130 ana cikin wasa, wato wancan batirin zai kai awa bakwai ko takwas. Ba zan yaudari mai karatu ba: wannan ba doki ba ne, jaki ne mai haƙuri. Zai ɗauki eFootball da GTA V da tsofaffin wasanni da dama idan aka rage kaifin hoto. Sababbin wasannin ƙwallo na kamfanin EA kuwa, waɗanda suka bar sunan FIFA suka koma FC a 2023, sun fi ƙarfinsa a hukumance, domin mafi ƙarancin abin da FC 24 ya nema shi ne kati irin GTX 1050 Ti ko RX 570. Amma amfanin wannan hanya shi ne tana barin ƙofa a buɗe. Ramin katin hoto yana nan a jikin madabod babu kowa, yana jiran kakar baɗi.

Idan kuwa mutum ya nace sai da kati tun farko, to ya dubi abin da katin ke ci kafin ya dubi abin da yake bayarwa. GTX 1650 na 2019 wat 75 yake ja, kuma da yawansu ba sa ma buƙatar ƙarin waya daga akwatin wuta. GTX 1660 Super yana jan 125. RX 6600 na 2021 yana jan 132, alhali ya fi RX 580 ƙarfi nesa ba kusa ba. A ganina shi ne katin da ya fi dacewa da mai sola in aljihu zai kai, domin bambancin kuɗin da za a biya a kasuwa batir zai mayar da shi a hankali. Mai wannan tsari sai ya haɗa shi da Ryzen 5 5600 marar harafin G, ko Core i3-12100F na Intel. A kula da harufan nan, ba ado ba ne. Harafin F a ƙarshen sunan firosesar Intel yana nufin babu sashen hoto a ciki, haka ma 5600 marar G. Wanda ya sayi ɗaya daga cikinsu babu kati, zai isa gida ya kunna ya ga monita baƙi ƙirin, ya ɗauka an cuce shi, alhali shi ya cuci kansa.

Me ya sa RX 580 ya cika kasuwa da araha har ya shiga takardar yaron? Labarin ba a nan ya faro ba. Katin ya fito a 2017, ya kuma zama abin so ga masu haƙar kuɗin intanet na Ethereum, waɗanda suka riƙa jera ɗaruruwansu a rumbuna suna aiki dare da rana tsawon shekaru. A watan Satumban 2022 Ethereum ya sauya tsarinsa, haƙa da katin hoto ta daina kawo riba, sai aka kwance rumbunan aka watso katunan kasuwannin duniya. Wasu an wanke su, an sauya musu murfi da kwali, sun taho ta Legas har Kano suna ƙyalli kamar sababbi. Akwai kuma wani nau'i da ake rubuta wa 2048SP, wanda aka yi don kasuwar Sin. Sunansa 580, amma ƙarfinsa na 570 ne. Ba na cewa duk katin da ya yi haƙa matacce ne, wasunsu suna shekaru suna aiki. Ina cewa ne saniyar da ta yi shekara biyar tana huɗa ba a sayenta da farashin karsana.

Ni kaina an taɓa shafa mini wannan man. Shekaru kaɗan da suka wuce na sayi kati daga wani mai talla a intanet, a rubuce GTX 1050 Ti, aka aiko mini a motar haya. Kwamfuta ta karanta sunan daidai, amma da zarar an buɗe wasa sai ta tsaya cik. Daga baya wani mai gyara ya nuna mini cewa tsohon kati ne na wajen 2010 aka sauya wa suna a cikin ƙwaƙwalwarsa. Lambar mai tallar kuwa ta daina shiga tun ranar da kuɗi suka shiga. Tun daga nan na ɗauki ƙa'ida: ba na sayen kati sai an kunna shi a gabana. Akwai manhajoji na kyauta da suka isa mutum ya sa a filashi ya tafi da su kasuwa. GPU-Z tana nuna ainihin kati, har takan rubuta cewa jabu ne. FurMark tana matsa masa lamba, kuma minti goma sha biyar sun isa a ga ko zai yi zafi fiye da kima ko hoto zai fara yayyagewa. CrystalDiskInfo tana faɗin awa nawa ma'ajiyar bayanai ta yi tana aiki. Ɗan kasuwar kirki a Fam Santa ko titin Beirut ba zai hana ka gwaji ba, kuma akwai su da yawa. Wanda ya ce sauri yake yi, ka bar masa kayansa. Ka kuma nemi rasit mai ɗauke da lambar jikin kayan da adadin kwanakin da aka ba ka na gwaji, domin daga Gaya zuwa birni ta Wudil tafiyar fiye da kilomita 60 ce, daga ƙauyukan Ajingi ta fi haka, kuma kowace komawa kuɗin mota ce da wuni guda.

Inda na fi daɗewa da yaron shi ne kan abin da ba ya ɗaukar ido, wato akwatin wuta, wanda masu gyara ke kira fawa-fak. A takardarsa shi ne na ƙarshe, kuma ya ware masa ragowar canji. Wannan kuskure ne da ya kashe kwamfutoci da yawa. Akwatin nan shi ke karɓar wutar bango ya tace ta ya raba wa kowane sashe, kuma idan ya mutu mutuwar banza yakan tafi da madabod da kati gaba ɗaya. Kasuwa cike take da marasa nauyi da aka rubuta wa wat 600 ko 700, waɗanda ba za su iya ba da rabin haka ba. Ɗauki shi a hannu. In ka ji shi sakayau kamar gwangwanin madara, ajiye. Gara wat 450 ko 550 na sanannen kamfani, mai shaidar 80 Plus Bronze, da wat 800 marar asali. Sannan akwai zancen inbata. Akwatunan wuta na zamani an yi su ne don wuta mai santsi irin ta layin gwamnati, alhali ƙananan inbatoci masu araha wuta mai gargada suke fitarwa. Haɗa su kan jawo ƙugi, ko kwamfuta ta mutu da kanta ana tsakiyar aiki. Mai saye ya tambaya ko inbatar tana ba da tsantsar wuta mai santsi, ya kuma sa a rubuta masa a rasit. Wanda zai yi amfani da ƙaramin janareto kuwa, kada ya haɗa kai tsaye ba tare da sitabilaiza ko UPS a tsakani ba.

RAM ba ta buƙatar dogon bayani, sai abu ɗaya da ake yawan tsallakewa. Gigabait 16 ya wadatar, amma a saye shi sanda biyu masu takwas-takwas, ba sanda ɗaya mai sha shida ba. Sanda biyu suna buɗe hanya biyu tsakanin RAM da firosesa, kuma ga mai 5600G, wadda sashen hotonta daga RAM yake aron wuri, wannan bambanci a ido ake ganinsa. Tun ƙarshen 2025 farashin RAM ya yi tashin gwauron zabi a duniya, saboda manyan kamfanonin ƙirƙirarriyar basira sun rufa a kan masana'antun da ke yin ta. Wannan ƙarin dalili ne na tsayawa a kan DDR4, wadda ake samun ta hannu, maimakon bin sabon yayi na DDR5 da ke tilasta sayen madabod mai tsada. Madabod ɗin B450 ko A520 ko B550 duk za su ɗauki Ryzen ɗin da na ambata, sai dai wasu tsofaffin suna buƙatar a sabunta musu BIOS tukuna, don haka a haɗa a kunna a shago kafin a biya. Ma'ajiya kuma SSD za a saya, ko da mai gigabait 512 ce. Manyan wasannin yau sukan kai gigabait 100 kowanne, kuma wanda ya taɓa gwada sauke irin wannan da datar waya a ƙauye ya san cewa kuɗin data ma wani sashe ne na kwamfutar, ko da ba a ɗaura shi da noti.

Akwatin gilashi da fitilu kuwa na soke su da biro ɗaya. A ƙasar da zafin bazara ke haura digiri 40, hunturu kuma ya zo da ƙurar da ke shiga ko'ina, abin da ake bukata shi ne akwati mai raga a gaba, da matatar ƙura da za a iya cirewa a wanke, da fanka biyu ko uku masu aiki. A ɗora shi a kan tebur, kada a ajiye shi a ƙasa, a rufe shi da zane in an kashe, a kuma buɗe a hure shi aƙalla sau ɗaya a wata lokacin hazo. Kowace fitila wat ce da aka ɗauke wa fankar tsohuwa.

Akwai masu cewa duk wannan wahala ce, a sayi tsohuwar kwamfutar ofis ta tokumbo, irin Dell OptiPlex ko HP EliteDesk, a cusa mata ƙaramin kati. Shawara ce mai kyau, kuma sau da yawa ita ce mafi araha, amma tana da tarko biyu. Na farko, siraran cikinsu ba sa ɗaukar kati sai gajere, akwatin wutarsu ƙarami ne, kuma mahaɗinsa na kamfanin ne kaɗai, ba a sauya shi da na kasuwa cikin sauƙi. Na biyu, Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma a hukumance ba ta karɓar firosesar Intel da ta gaza zubi na takwas. Shi ya sa ofisoshin Turai da Amurka ke ta zubar da na zubi na shida da na bakwai, su ne kuma ke sauka a kasuwanninmu da farashi mai daɗi. OptiPlex 7040 da 7050 suna cikin waɗanda aka bari a baya, 7060 ta tsallake. Lamba ɗaya ce tsakani, kuma ba kowane mai shago ne zai ja hankalinka a kanta ba.

Wasu kuma za su ce in dai wasa ne kawai, PlayStation 4 ta hannu ta fi sauƙi. Gaskiya suka faɗa, kuma na faɗa wa yaron haka ƙarara. Wanda ƙwallo kaɗai yake so ya buga da abokai, ko yake son buɗe gidan gem a bakin kasuwa, ya sayi PlayStation ya huta. Na goyi bayan kwamfuta ne saboda shi yana shirin rubuta JAMB, wadda tun 2015 a kan kwamfuta ake yin ta gaba ɗaya, kuma idonsa yana kan Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke Wudil, nan kusa da mu. Mun sha ganin yara masu ƙoƙari daga ƙauyukanmu sun shiga ɗakin jarrabawa hannunsu yana rawa a kan linzamin kwamfuta, saboda ranar ce ta farko ko ta biyu da suka taɓa shi. Na'urar da ke ɗaukar GTA V za ta ɗauki manhajar zanen gini, da ta tace bidiyon biki, da ta koyon rubuta manhaja. PlayStation ba ta yin ko ɗaya. Ban ce kowane mai buga gem zai zama injiniya ba. Na san waɗanda gem ɗin ya cinye musu karatu, kuma wannan aikin iyaye ne, ba na madabod ba.

Saura zancen kuɗi, wanda shi ne ya sa kuskure a wannan harka ya fi ciwo a yau. Babu ko noti ɗaya na kayan nan da ake ƙerawa a Najeriya, duk da dala ake shigo da su. A watan Mayun 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma, kafin watan Fabrairun 2024 ya ƙare ta haura 1,500. Abin da Ba'amurken YouTube ke kira kayan dala ɗari mai araha, a wannan farashi naira 150,000 ne tun kafin a sa kuɗin jirgi da kwastan da ribar ɗan kasuwa. Shi in ya yi kuskure ya yi asarar kuɗin cefanen mako. Ɗan ƙanwata in ya yi, ya yi asarar damina.

Mun shiga birni tare ranar wata Asabar, muka wuni muna zagaye. Mun dawo da 5600G, da madabod B450 da aka kunna a gabanmu, da sanda biyu na RAM na hannu, da SSD sabuwa, da akwatin wuta wanda ya ci kuɗi fiye da yadda ransa ya so, da baƙin akwati marar ado wanda ya yi ta harara a cikin mota har muka wuce gadar Wudil. Monita ta tokumbo ce mai inci 22. A tsakar gidana ya haɗa ta a kan tabarma, ya yi awa huɗu, ya manta bai cusa wayar wutar firosesa ba, ya yi gumi har ya jiƙe kafin ya gano. Abin da ya rage na kuɗin bai kai na kati ba, sai ya ƙara faifan sola ɗaya a rufin ɗakin mahaifiyarsa. Makon jiya ya kira ni yana tambayar ko RX 6600 zai shiga akwatin nasa. Na ce ya ɗauko magwajin tela ya auna daga bayan akwatin zuwa fankar gaba, ya rubuta tsawon a takarda, ya ajiye ta sai an kaɗe riɗin bana.